Daga Baal zuwa Koksijde: ƙasar da mai keke ke saɓa kekensa a kafaɗa

Ƙauyen Baal yana cikin yankin Filandar, a arewacin ƙasar Beljik, kimanin kilomita 40 gabas maso arewa da birnin Burusel. Ba shi da babbar kasuwa, ba shi da fadar sarki. Gidajen jan bulo ne jere a bakin hanya, sai coci, sai gonaki, sai wani ɗan tudu da ake kira Balenberg wanda shaton ruwa ke tsaye bisa kansa. To amma ranar 1 ga watan Janairu, sa'ad da sauran Turawa ke barcin gajiyar bukin sabuwar shekara, dubban mutane kan sa takalman roba masu dogon wuya su nufi wannan tudu. Su biya kuɗin shiga, su tsaya cikin taɓo da sanyi, don kallon wani irin tseren keke wanda a cikinsa mahayi kan sauko, ya saɓa keken a kafaɗa, ya ruga a ƙasa. Faransawa suna kiran wasan cyclo-cross, mutanen Filandar kuma suna ce masa veldrijden, watau hawan keke cikin fili da gona. A Hausance ana iya ce masa tseren taɓo, kuma duk wanda ya ga fuskokin masu yin sa bayan an tashi ba zai yi gardamar sunan ba.

Mai karatu zai iya tambaya: me zai sa mai hankali ya bar hanyar kwalta sumul ya faɗa laka da keke? Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan sama ba ya yin nisa, ƙasa ba ta bushewa, sanyi kan sauko kusa da digiri 0. A ƙarshen Disamba rana kan fito wajen ƙarfe 9 saura kwata na safe ta faɗi kafin ƙarfe 5 na marece, hasken yini bai wuce awa 8 ba. Tseren kwalta, wanda shi ne abin alfaharin mutanen Filandar, yakan tsaya cik a wannan lokaci. Maimakon su rataye kekuna su jira bazara, sai suka mai da mafi munin lokacin shekara da mafi munin ƙasa suka zama filin wasa. Ana fara kakar tseren taɓo a watan Satumba, a rufe ta a Fabrairu.

Asalin wasan

Ba a Beljik aka haifi wasan ba. A farkon ƙarni na 20 mahaya keke na ƙasar Faransa sukan yi gasa daga wannan gari zuwa wancan a lokacin ɗari, kowa ya bi inda ya ga dama, ya ratsa gona, ya tsallake shinge, ya ƙetare rafi. Wani soja mai suna Daniel Gousseau shi ake jinginawa shirya gasar farko ta ƙasar Faransa a shekarar 1902. Beljik ta yi tata a 1910, wanda ya ci kuwa shi ne Philippe Thys, mutumin da daga baya ya lashe babban tseren zagaya Faransa har sau 3. Gasar duniya ta farko an yi ta a birnin Paris a 1950, Bafaranshe Jean Robic ya ɗauki kambun.

Sannu a hankali wasan ya ƙaura ya yi gida a Filandar. Erik De Vlaeminck, ɗan yankin, ya ci gasar duniya sau 7 tsakanin 1966 da 1973, ba a sami wanda ya kamo shi cikin maza ba sai a 2025, lokacin da Mathieu van der Poel na Holanda ya ci ta bakwai a garin Liévin na Faransa. Mata sun sami tasu gasar duniya a shekarar 2000. Marianne Vos ta Holanda ta ci ta sau 8, Sanne Cant ta Beljik kuma sau 3 a jere daga 2017 zuwa 2019.

Shi kuwa ƙauyen Baal, mutum ɗaya ya fito da sunansa: Sven Nys, wanda aka haifa a 1976, ya tashi a ƙauyen. Yana yaro ya fara da ƙaramin keken tsalle-tsalle, daga baya ya koma tseren taɓo, ya ci gasar duniya a 2005 a Jamus, ya sake ci a 2013 a Amurka. Tseren ranar 1 ga Janairu sunansa yake ɗauke da shi tun shekarar 2000. Da ya yi ritaya a 2016, sai aka buɗe cibiyar koyon keke mai sunansa a kan tudun Balenberg. Ɗansa Thibau, wanda aka haifa a 2002, ya gaji uban: ya ci gasar duniya ta samari a 2020. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Makarantar da ke bisa tudu

Abin da ya sa Baal ya dace da mai son farawa shi ne fagen ba ya tashi bayan buki. A yawancin garuruwa, rana ɗaya ake kafa turaku da igiyoyi, washegari a kwashe, shanu su koma makiyayarsu. A Balenberg kuwa hanyoyin suna nan duk shekara: gangara, kwana, ramin rairayi, ƙananan tuddai masu hawa da sauka. A ranar da babu tsere, wanda ya je zai tarar da yara ƴan makaranta, da ma'aikata da suka taso daga ofis, da dattawa masu furfura, kowa yana bin sawun da zakarun duniya suka bi.

Darasin farko da ake koya wa baƙo yakan ba shi mamaki, domin ba hawa ba ne, sauka ne. Dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce fagen tsere zagaye ne mai tsawon kilomita 2.5 zuwa 3.5, kuma kashi 90 cikin 100 nasa ya zama ana iya bin sa a kan keke. Ragowar ɗan kashin nan shi ke raba gwani da ɗan koyo. A ciki akwai matakala, akwai tudu mai santsi, akwai katako biyu da ake gittawa a hanya, tsayin kowanne bai wuce santimita 40 ba, tsakaninsu mita 4 zuwa 6. Gwanaye kan tsallake katakon da keken gaba ɗaya. Mai koyo kada ya yi wannan ganganci. Nasa shi ne ya iya sauka keke na tafiya.

Ga yadda ake yi. Idan ya doshi shingen sai ya rage gudu, ya cire ƙafar dama daga feda, ya zagayo da ita ta bayan sirdi zuwa hagu, ya tsaya bisa fedar hagu keken na gangarawa da shi. Hannun dama ya bar kan keken ya kama ƙarfen da ke tsakanin sirdi da kai. Sa'an nan ya saki fedar hagu, ya dira da gudu, ya ɗaga keken ya tsallake. Ta hagu ake sauka domin sarƙa da haƙoranta suna dama. Komawa sirdi ya fi wuya: taku biyu ko uku, ya jefa ƙafar dama ta baya, ya sauka bisa cikin cinya, ya zame ya zauna. Wanda ya yi tsalle sama ya faɗo wa sirdi da dukan nauyinsa, sau ɗaya zai yi, ba zai so ya sake ba. Masu koyarwa kan ce a fara da tafiyar ƙafa a kan ciyawa mai laushi, a yi sau ɗari, kafin a ƙara sauri. Da rarrafe yaro kan tashi.

In tudun ya yi tsawo, ba a tura keke, saɓa shi ake yi. Mahayi ya zura hannun dama cikin firam, ƙarfen sama ya kwanta a kafaɗarsa, hannun ya zagayo ya riƙe ƙarshen kan keken don kada tayar gaba ta riƙa lilo tana dukan fuska. Hannun hagu ya bar shi sake don gudu. Hikimar wasan duka tana nan: sanin lokacin da hawa ya zama asara. Mai girman kai da ya ce shi ba zai sauka ba, yakan kafe a tsakiyar tudu, ƙafa maƙale a feda, ya kife, waɗanda suka sauko tun daga ƙasa su wuce shi da gudu.

Kaya da kuɗinsu

Ɗan kasuwa zai so ya ji abin da harkar ke ci. Keken tseren taɓo yana kama da na tseren kwalta, kansa lanƙwashe yake zuwa ƙasa, amma an bar sarari tsakanin taya da firam don laka ta sami wurin wucewa. Tayarsa mai ƙuraje ce don ta kama ƙasa, kuma a gasar hukuma faɗinta ba ya wuce milimita 33. Alƙalai suna da ma'auni da suke gwadawa kafin a tashi. Tun 2010 aka yarda da birkin faifai, wanda yake kamawa ko cikin ruwa, kuma shi ya mamaye fagen. Keken gwanaye ba ya wuce kilo 8, kuɗinsa kuwa in an juya shi zuwa sefa miliyoyi ne, ga shi kowane gwani yana zuwa da biyu ko uku.

Mai farawa ba ya bukatar wannan. Tsohon keke na hannu ya ishe shi, kuma a yawancin tseren masu koyo ana barin mutum ya shiga da keken hawan dutse mai faffaɗar taya. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne hular kwano. Bayan ita sai takalmi mai ƙarfe a tafinsa wanda ke maƙalewa a feda ya kuma yi gudu a laka, da safar hannu, da tufafin da ba a jin ƙyashin ɓata su. Wanda zai kashe kuɗi, gara ya kashe a kan taya.

Sirrin da ba a sayen sa da kuɗi shi ne iskar taya. Mai keke a gari ya saba buga iska har taya ta yi tauri kamar dutse. A taɓo wannan kuskure ne, domin taya mai tauri zamewa take yi. Gwanaye kan sa iska ƙasa da bar 2, wani lokaci kusa da 1, har mutum ya danna tayar da babban yatsa ta lotsa. Taya mai laushi tana baje a ƙasa, tana kama saiwa da ciyawa. In kuma iskar ta yi kaɗan ƙwarai, gefen ƙarfen zai tsinke tub ɗin ciki a karon farko da dutse. Tsakanin waɗannan biyu kowa yake neman nasa ma'aunin, gwargwadon nauyinsa da irin ƙasar ranar. Shi ya sa a bakin fage za a ga mutane suna ta matsa tayoyi kamar masu tayin kankana a kasuwa.

Rairayin bakin teku

Wanda ya koyi laka a Baal bai gama karatu ba sai ya ga rairayi. Don haka sai ya yi yamma, tafiyar kamar awa 2 a mota, ya wuce Burusel da Gent, ya ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai magudanan ruwa, har ya isa Koksijde a bakin Tekun Arewa, kusa da iyakar Faransa. Garin shaƙatawa ne. A lokacin zafi yakan cika da masu hutu, a hunturu kuwa manyan benayen da ke fuskantar teku tagoginsu a rufe suke, iska kawai ke kai da kawowa. Jirgin taragon lantarki da ke bin gaɓar ƙasar tsawon kilomita 67 yana ratsa garin. A unguwar Oostduinkerke har yanzu akwai masunta da ke shiga teku bisa manyan dawaki suna jan koma don kamun jatan lande, sana'ar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013. A Koksijde ne kuma tudun rairayi mafi tsayi na gaɓar Beljik yake, mita 33 kacal.

Fagen tseren yana cikin tuddan rairayin da ke gefen sansanin sojan sama. Sau 2 aka yi gasar duniya a nan. A 1994 Paul Herygers ya ci, har aka sa wa ɗaya daga cikin tuddan sunansa. A 2012 kimanin mutum 60,000 suka taru, Niels Albert ya ci, kuma ƴan Beljik suka kwashe matsayi 7 na farko ba tare da wani baƙo ya ratsa tsakaninsu ba.

Duk wanda ya taɓa shiga lungun Maraɗi ko na Damagaram da keke a lokacin rani ya san halin rairayi: tayar gaba ta nutse, kan keke ya karkace, mahayi ya sa ƙafa a ƙasa. Abin da mutanen Koksijde suka mayar ilimi ke nan. Ana shiga rairayi da gudu, ba a taka birki a ciki. Mahayi ya ja jikinsa baya don tayar gaba ta yi sauƙi, ya sassauta riƙon kan keken, ya ci gaba da juya feda da ƙarfi ba tsayawa. Ya nemi sawun da na gaba suka haƙa ya sa tayarsa ciki, ya bar sawun ya ja shi kamar yadda dogo ke jan jirgi. Idonsa kuma ya kasance can gaba inda yake son zuwa, domin keke yana bin ido. Wanda ya zuba wa turke ido, turken zai kara. Da zarar gudu ya mutu, sai a sauka nan take a saɓa, kada a tsaya kokawa da abin da ya fi ƙarfin ƙafa.

Ranar wanka

Komai yawan gwaji, wata rana sai an shiga tsere. A Filandar yaro kan fara ta hanyar ƙungiyar garinsu, ya sami lasisi daga hukumar keke ta yankin, ya riƙa hawa aji-aji: ƴan shekara 12 zuwa 14, sai 15 zuwa 16, sai 17 zuwa 18, sai ƴan ƙasa da 23, kafin ya kai ajin manya. Baligi mai sha'awa kuma yana da tseren ƙauyuka na Asabar da Lahadi, inda ba kyamarar talabijin, sai dangi da maƙwabta.

Ya kamata ya iso da wuri, ya karɓi lambarsa, ya zagaya fagen a hankali sau biyu ko uku, yana lura da inda zai sauka da inda zai hau. Tseren ba shi da tsawo: na manyan maza kimanin awa 1, na mata kimanin minti 50, na samari minti 40, na masu koyo sau da yawa ƙasa da haka. Amma babu wurin hutawa a ciki ko na daƙiƙa goma. Ana busa usur kowa ya zabura, domin bayan ƴan mitoci ɗari hanya takan tsuke, wanda ya makara ya tsaya layi. Kuskuren ɗan koyo a nan yake: yakan kashe ƙarfinsa duka a zagayen farko, a na uku numfashi ya gagare shi, hannu ya mutu, faɗuwa ta fara. Alƙalai kan duba saurin zagaye biyu na farko su ƙayyade yawan waɗanda suka rage, in saura ɗaya a kaɗa ƙararrawa.

A gefen fage akwai wurin canjin keke. Laka kan taru a firam har nauyin keke ya ƙaru sosai, sarƙa ta cushe. Gwani yakan shigo da gudu, ya saki mai datti, ya cafe wankakke daga hannun makanikinsa ba tare da ya tsaya ba. A ƙananan tsere makanikin nan galibi uba ne, ko kawu, ko matar gida, tsaye cikin ruwan sanyi da bokiti da buroshi. Mai keke ɗaya kuwa sai ya sa yatsa ya ƙwaƙule lakar ya ci gaba. A manyan gasa akwai doka mai ɗaci: wanda tazararsa da na gaba ta kai kashi 80 cikin 100 na lokacin zagaye ɗaya, alƙalai kan fitar da shi don kada ya tare wa na gaba hanya. A tseren ƙauye sau da yawa akan bar shi ya ƙarasa, kuma ƴan kallo kan tafa wa na ƙarshe kamar yadda suka tafa wa na farko, domin da yawansu sun taɓa zama a matsayinsa.

Haɗarin wasan bai kai na kwalta ba. Babu mota a fage, gudun bai kai na titi ba, ƙasar da ake faɗawa kuma mai laushi ce. Duk da haka akan sami targaɗe, wani lokaci karayar ƙashin kafaɗa, kuma jiƙaƙƙen jiki cikin sanyi ba abin wasa ba ne. Busassun tufafi da abin sha mai zafi su kasance a shirye kafin a tashi.

Tsakanin bukin Kirsimeti da sabuwar shekara kusan kullum akwai babban tsere a wani gari, har da na dare a Diegem kusa da filin jirgin saman Burusel. Jama'a na tsaye da tutoci masu ruwan ɗorawa da baƙin zaki, suna cin soyayyen dankalin turawa, kiɗa na tashi daga manyan tantuna. Zakarun da suke yi wa kirari, irin su Wout van Aert da ya ci gasar duniya sau 3 a jere daga 2016 zuwa 2018, sun tafi sun yi suna a tseren zagaya Faransa, amma kowannensu ya fara ne a wata jiƙaƙƙiyar gona, yana koyon sauka daga keke ba tare da ya faɗi ba. Abin da ake bukata ga mai son bin sawunsu bai wuce keke mai lafiyayyen birki, da hular kwano, da filin ciyawa, da katako biyu ba. Sauran kuwa sai haƙurin maimaitawa har ƙafa ta iya da kanta.